Nicodemus: Ƙauyen Manoma da Jirgin Ƙasa Ya Kauce Wa

A arewa maso yammacin jihar Kansas ta Amurka, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma, ciyawa da alkama suka rufe ta iya ganin ido, akwai wani ƙauye a bakin babbar hanya mai lamba 24 da ake kira Nicodemus, wanda baƙar fata da suka fito daga bauta suka zauna a cikinsa tun 1877. Ƙidayar jama'a ta 2020 ta sami mutum 14 kacal a cikinsa. An rufe gidan wayarsa tun 1953, makarantarsa ta bi baya cikin 'yan shekaru, kuma direban da bai sassauta gudu ba zai wuce garin kafin ya gama karanta allon sunansa. Amma duk ranakun ƙarshen mako na ƙarshen watan Yuli ɗaruruwan mutane sukan cika shi, daga Denver da Kansas City da Kalifoniya, yawancinsu ba a can aka haife su ba, kuma kowannensu idan aka tambaye shi inda za shi sai ya ce gida. Dubban ƙauyuka irinsa sun tashi a waɗannan filaye, sun mutu, babu mai komawa ko da ziyarar kufai. Abin da ya kashe su shi ne ya karya Nicodemus, to amma shi akwai abin da ya riƙe shi, kuma ba za a gane wannan abu ba sai an fara sanin yadda ake kafa gari a can.

Wanda ya saba da ƙauyen da manomi yake kwana a cikinsa, ya fita gona da sassafe, ya dawo da yamma, sai ya ajiye wannan siffa a gefe. Ƙauyen filayen ciyawa na Amurka a kan takarda ake fara zana shi. Tun 1785 gwamnati ta tsara a auna ƙasar yamma a yanka ta murabba'i-murabba'i, kowane babban yanki mil shida tsawo mil shida faɗi, a cikinsa ƙananan yankuna 36, kowanne eka 640. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar mallakar gona da ake kira Homestead, wadda ta ba kowane magidanci damar ɗaukar rubu'in ƙaramin yanki, wato eka 160, kimanin hekta 65, bisa sharaɗin ya gina wurin kwana a kai, ya nome ta, ya zauna shekara biyar, ya biya kuɗin rajista da bai wuce dala 18 ba. Tunda zama a kan gonar sharaɗi ne, sai kowane iyali ya tare a tsakiyar filinsa, maƙwabcinsa mafi kusa yana can nesa da rabin mil. Saboda haka abin da ake kira gari bai zama mazaunin manoma ba, ya zama wurin biyan buƙatarsu: kanti, maƙera, gidan waya, coci, makaranta, da kuma uwa uba tashar jirgin ƙasa inda ake auna hatsi a loda. Garin da manoman kewaye suka sami wani wurin da ya fi shi sauƙin sayar da amfanin gona, ya rasa dalilin zamansa gari.

Ƙasar da ake rabawa kuwa ba kango ba ce. Makiyaya ce ta miliyoyin ɓauna, kuma wurin farautar al'ummomin Cheyenne da Arapaho da Pawnee, 'yan asalin ƙasar, waɗanda sojoji da yarjejeniyoyin dole suka kawar a shekarun 1860 da 1870, yayin da maharba Turawa suka ƙare ɓaunar don fatarta. Wannan gaskiya ce mai ɗaci a tarihin Nicodemus, domin 'yancin da tsofaffin bayi suka samu a wurin an gina shi ne a kan ƙasar da aka ƙwace wa wasu.

Waɗanda suka kafa garin sun fito ne galibi daga Kentucky, daga yankin Lexington da Georgetown. Kentucky jiha ce ta bayi wadda ba ta ɓalle ba a lokacin yaƙin basasa, don haka shelar 'yanta bayi ta 1863 ba ta shafe ta ba, kuma bauta ba ta ƙare a can ba sai a Disambar 1865 da aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na 13. 'Yancin ya zo babu ƙasa. Wanda jiya yake noma a matsayin bawa, yau yana noman gonar nan dai a tsarin noma-mu-raba, ana rubuta masa bashin iri da abinci a littafin mai gona, girbi ya zo a ce bai fita ba. Da gwamnatin tarayya ta janye sojojinta daga harkokin jihohin kudu a 1877, baƙar fata suka gane cewa kariyar da suke dogaro da ita ta ƙare. Kansas kuwa suna gare ta a wurinsu, domin ta shiga tarayya a 1861 a matsayin jihar da ta haramta bauta, kuma a can ne John Brown, Baturen da ya ɗauki makami don yaƙar bauta, ya yi gwagwarmayarsa.

A shekarar nan ta 1877 aka kafa kamfanin garin Nicodemus. Cikin jagororinsa akwai wani Bature dillalin filaye, W. R. Hill, wanda kuma shi ne ya kafa Hill City a yamma kaɗan, da limaman coci baƙar fata irin su W. H. Smith da Simon P. Roundtree. Sunan garin wasu suna danganta shi da Nikodimu na Littafi Mai Tsarki, wasu kuma da wani bawa ɗan Afirka da ake ambata a waƙar zamanin yaƙin basasa. An raba takardun talla a coci-coci na Kentucky, ana shelar cewa duk mai son zuwa Kansas a watan Satumba zai iya da dala biyar, ana kwatanta kwarin kogin Solomon da ƙasar alkawari. Mutum wajen 300 suka amsa kira. Jirgi ya sauke su a Ellis, saura kimanin kilomita 55, mafi yawa suka taka da ƙafa.

Gani ya kori ji. Babu itace, babu gida ko ɗaya a tsaye. Willianna Hickman, matar wani limamin coci da ta iso da ayarin 1878, ta ba da labarin cewa da ta ji maza suna ihun an iso, ta duba ko'ina ba ta ga gari ba, sai mijinta ya nuna mata hayaƙi yana fitowa daga ƙasa nan da can, ya ce mata wannan ne Nicodemus, ita kuwa ta fashe da kuka. Hayaƙin daga ɗakunan rami yake fitowa: a haƙa gefen tudu, a yanko curin ƙasa mai sarƙe da saiwar ciyawa a jera shi kamar tubali, a rufe sama da kara da ƙasa. Wasu daga ayarin Satumbar 1877 ko kwana ba su so yi ba suka juya. Waɗanda suka tsaya sun iso ne bayan lokacin shuka ya wuce, ba dawakai, ba garma, ga hunturu mai dusar ƙanƙara a gaba. Da busasshen kashin ɓauna da karan furen rana suka hura wuta, suka riƙa tsintar ƙasusuwan ɓauna suna kaiwa tasha su sayar, wasu suka tafi ƙwadago a layin dogo. Zuriyarsu har yau suna ba da labarin cewa mafarautan al'ummar Osage, su ma 'yan asalin ƙasar, da suka biyo ta wurin sun raba musu nama a wannan hunturu. Da bazara ta zo, akwai waɗanda da shebur da fartanya suka fasa ƙasar da ba a taɓa nomawa ba.

Akwai wata matsala da talla ba ta faɗa ba, wadda ta shafi Bature da baƙi baki ɗaya. Nicodemus yana dab da layi na 100 cikin layukan da suka ratsa taswirar duniya daga arewa zuwa kudu, inda ruwan sama yake raguwa zuwa ƙasa da milimita 600 a shekara, kuma ba ya zuwa bisa ƙa'ida. A 1878 masanin ƙasa John Wesley Powell ya gabatar wa majalisa rahoto cewa daga wannan layi zuwa yamma eka 160 ba za ta riƙe iyali ba in babu ban ruwa, ya ba da shawarar eka 2,560 ga gonar kiwo. Ba a saurare shi ba, domin a lokacin dillalan filaye da kamfanonin jirgi suna yaɗa cewa ruwan sama yana bin garma, wato da zarar an nome ƙasa sai sama ta buɗe. 'Yan shekarun damina mai kyau a farkon shekarun 1880 suka sa ƙaryar ta yi kama da gaskiya.

A waɗannan shekaru garin ya bunƙasa da saurin ban mamaki. Zachariah Fletcher ya buɗe kantin farko, ya riƙe gidan waya, ya gina masauƙin St. Francis a 1881 da farin dutsen yankin, matarsa Jenny kuma ta fara koyar da yara a ɗakin rami. Makarantar Nicodemus ita ce ta farko da aka yi wa rajista a gundumar Graham, inda garin yake, shi ya sa take da lamba ɗaya. Ga mutanen da a jiya ake hana su karatu, gina makaranta kafin gina gidan kirki ba ƙaramin jawabi ba ne. Zuwa 1887 akwai jaridu biyu, Western Cyclone da Nicodemus Enterprise, akwai banki, kantuna, wuraren sayar da magani, ƙungiyar 'yan badujala da ta wasan ƙwallon sanda, kuma cikin 'yan kasuwar har da Turawa. Siyasa ma ta karɓe su. Edward P. McCabe, wanda ya iso a 1878, ya zama akawun gunduma, sannan a 1882 aka zaɓe shi babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas baki ɗaya, aka sake zaɓensa a 1884, a jihar da baƙar fata tsiraru ne ƙwarai.

Duk wannan bunƙasa a kan tsammanin jirgi aka gina ta. Manomin da zai ɗora alkama a keken doki ya yi tafiyar kwana biyu zuwa tasha da dawowa, ribarsa ta tafi a hanya, ga kuma tsadar katako da gawayi da kayan aiki da za a kawo ta wannan hanyar. A 1887 mazauna yankin suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da takardun lamuni na dala 16,000 don jawo kamfanin Missouri Pacific, amma layinsa ya tsaya a Stockton daga gabas. Kamfanin Santa Fe bai zo ba. Union Pacific kuwa da ya zo a 1888, sai ya bi kudancin kogi, ya kafa tasharsa a wani sabon wuri da aka sa wa suna Bogue, kimanin kilomita 10 daga Nicodemus. Cikin ɗan lokaci 'yan kasuwa suka kwashe, wasu har da gine-ginensu na katako suka ɗora bisa kekuna suka ƙetare kogi. Banki ya rufe, jaridu suka mutu.

Ana yawan tambaya ko wariyar launin fata ce ta sa jirgin ya kauce. A ganina wanda ya ce ita kaɗai ce ya taƙaita magana, wanda kuma ya ce babu ruwanta ya yi sakaci. Kamfanonin jirgi sun saba kauce wa garuruwan da suka riga suka kafu, domin in suka yanka nasu filin gari kusa da tasha, kuɗin fulotai aljihunsu zai shiga, kuma garuruwan Turawa da yawa sun mutu ta wannan hanya. Millbrook, wadda ta fara riƙe hedikwatar gundumar Graham, ta rasa ta ga Hill City, yau babu ita. Amma kuma shawarar inda layi zai bi a ɗakunan da babu baƙar fata a ciki ake yanke ta, kuma abin lura ne cewa garin da W. R. Hill ya sa wa sunansa shi ya sami jirgi ya kuma sami hedikwata, ɗaya garin nasa ya tashi a tutar babu. Shi kansa McCabe ya bar Kansas ya nufi Oklahoma, inda ya taimaka aka kafa garin Langston a 1890.

A nan ne tarihin Nicodemus ya rabu da na takwarorinsa. Kasuwa ta tashi, manoma ba su tashi ba. Yawan baƙar fata a gundumar ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 1910, wasu iyalai suka faɗaɗa gonakinsu zuwa ɗaruruwan eka, suna kai hatsinsu Bogue su sayar, amma ranar Lahadi Nicodemus suke zuwa. Ga Bajamushe ko ɗan Sweden da ya ɗauki eka 160, gona jari ce, in ta gaza sai ya sayar ya ƙara gaba, kuma duk garin da ya sauka za a karɓe shi. Ga wanda aka taɓa rubuta sunansa cikin dukiyar wani tare da dawakai, takardar mallakar ƙasa mai ɗauke da sunansa shaida ce ta cewa shi mutum ne, kuma babu wani gari a kusa da zai kasance shi ne shugaban makaranta, shi ne dattijon coci, shi ne mai ƙirga ƙuri'a. Shi ya sa manyan gine-ginen da suka rage bayan faɗuwar kasuwa aka yi su: cocin First Baptist na dutse a 1907, ginin makaranta a 1918. Babu mai gina irin waɗannan a garin da yake shirin bari.

Coci a nan aikinsa ya wuce ibada. A cikinsa ake sasanta rigima, ake tara gudummawa ga wanda ƙanƙara ta lalata wa alkama, ake shirya gayyar girbi da jana'iza, kuma mata ne suka riƙe mafi yawan wannan aiki. Auratayya tsakanin iyalai kaɗan cikin shekaru da yawa ta mai da garin dangi guda, har ya zama da wuya a sami mutum biyu da ba su haɗa kaka ba.

Babban abin da ya ɗaure su shi ne bikin 'yanci, wanda aka fara tun 1878 kuma ake yi har yau. Asalinsa ranar 1 ga Agusta, ranar da dokar Ingila ta haramta bauta a tsibiran Karebiyan ta fara aiki a 1834, ranar da baƙar fatar Amurka suka daɗe suna tunawa tun kafin nasu 'yancin ya zo. Lokacin ya dace da kalandar manomi, domin alkamar yankin da kaka ake shuka ta, ta kwana ƙarƙashin sanyi, a girbe ta a Yuni da farkon Yuli, saboda haka ƙarshen Yuli aiki ya yi sauƙi kuma akwai ɗan kuɗi a hannu. A zamanin da, a wata kurmi kusa da kogi ake taruwa, Turawan maƙwabta ma suna zuwa, 'yan siyasa suna jawabi, ana sukuwa da rawa. Da jama'a suka watse birane, sai bikin ya sauya ma'ana ya zama na komawa gida: jerin gwano a babban titi, waƙoƙin coci, gasasshen nama, ziyarar makabarta, da nuna wa yara gonar da kakan kakansu ya fasa. Zumunta a ƙafa take, kuma waɗannan mutane sun sa mata rana.

Watsewar ta zo a matakai. Faɗuwar tattalin arziki ta 1929 ta karya farashin alkama, sannan farin shekarun 1930 ya zo da guguwar ƙura da ta riƙa ɗauke ƙasar saman gonaki, abin da Powell ya hango shekara hamsin kafin nan. Gonaki da dama suka tafi a jingina da bashin haraji. Daga wannan zamani ne aka gaji zauren taron gari, wanda shirin samar da aiki na gwamnatin Shugaba Roosevelt ya gina a 1939 da hannun mutanen wurin da dutsen wurin. Abin da fari ya bari, inji ya ƙarasa. Tarakta da motar girbi sun sa mutum ɗaya yana noma abin da iyalai goma suke nomawa a da, kuma wanda bai iya sayen injin ba dole ya sayar wa wanda ya iya. Gonakin Amurka da suka kai miliyan 6.8 a 1935 sun dawo kimanin miliyan biyu. Wannan ya shafi kowa, amma bai shafe su daidai ba, domin noman inji noman bashi ne, kuma wanda ake hana rance ko a jinkirta masa har lokacin shuka ya wuce, shi ne zai fara fita. A 1920 manoma baƙar fata sun haura 900,000, kusan kashi 14 cikin 100 na manoman ƙasar. Yau ba su kai kashi biyu ba. A shari'ar Pigford ta 1999, wadda manoma baƙar fata suka shigar, ma'aikatar gona ta tarayya ta amince da sulhu kan zargin nuna wariya wajen ba da rance, aka biya diyyar da ta haura dala biliyan ɗaya, sai dai diyya ba ta dawo da gonar da aka riga aka sayar.

Tun daga shekarun 1970 zuriyar garin suka juya ga wata hanya, wato mai da tarihin kansa abin dogaro. An ayyana Nicodemus wurin tarihi na ƙasa a 1976, aka gina gidaje don tsofaffin da suka yi ritaya a birni suna son ƙarasa kwanakinsu a gida. Angela Bates, ɗaya daga zuriyar mazauna farko, ta kafa ƙungiyar tarihin garin a 1988, ta bi majalisa har Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar 12 ga Nuwamba 1996 da ta sa gine-gine biyar ƙarƙashin kulawar hukumar wuraren tarihi ta tarayya: coci biyu, makaranta, masauƙin Fletcher da zauren taro. Wannan ya kawo ma'aikata da baƙi da kuɗin gyara, amma yana da haɗarinsa, domin garin da ake zuwa kallo yana iya zama gidan tarihi tun mutanensa suna raye. 'Yan manoman da suka rage sun haɗu a ƙungiyar manoma baƙar fata ta Kansas, sun gwada niƙa alkamarsu su sayar da garin alkamar da sunan Nicodemus maimakon sayar da tsaba, sun kuma gwada shuka tef, hatsin nan na Habasha mai jure fari. Dawa ma, wadda asalinta Afirka ne, tana cikin manyan amfanin yankin, domin Kansas ce kan gaba wajen nomanta a Amurka, ko da yake a can abincin dabbobi ce da kayan fitarwa waje.

Barazanar da ta fi girma yanzu ba fari ba ce, gado ne. Gonar da mutum ɗaya ya mallaka a 1885 tana iya zama yau ta magada talatin ko arba'in a jihohi daban-daban, babu manomi a cikinsu, suna ba wani maƙwabci haya, suna raba ɗan abin da ya shigo, kuma ana buƙatar wani ya tuna ya biya haraji kowace shekara. Da zarar mutum biyu ko uku sun matsa a sayar, ko haraji ya taru, ƙasar ta fita daga hannun dangi, mai saye kuma kusan kullum babban manomi ne da yake faɗaɗa filinsa. Waɗanda suke shirya bikin Yuli a yau sun yi hutun makaranta a gidajen kakanninsu a Nicodemus, sun san ƙamshin ɗakin girkin. 'Ya'yansu kuwa kwana uku a shekara suka sani.

Layin dogon da ya bi ta Bogue a 1888 an daina amfani da shi a shekarun 1990, aka ɗebe ƙarafunansa. Hatsin yankin yanzu manyan motoci ne suke ɗaukarsa, kuma mutanen Bogue ba su kai 200 ba.